Zare Uku a Kwat Ɗin Marigayi

"Saki cikin."

"Ai na saki."

"Ba ka saki ba. Ga jijiyar wuyanka nan ta tashi. Saki numfashin kafin ka faɗo mini a kan keken ɗinki."

Direba ya furzar da iskar da ya riƙe. Tumbin ya koma mazauninsa, tef ɗin awon ya zame daga inci arba'in da huɗu ya je ya tsaya cak a kan arba'in da shida. Matarsa, wadda duk layin suke kira Mai Ɗinki, ta duba lambar, ta goge ta da babban yatsa, ta sake dubawa. Sannan ta ɗauki allin zanen yadi ta nufi bayan ƙofar falo, inda take rubuta awon ƙugunsa duk ranar Asabar. Arba'in da shida guda biyar ne a jere. Ta ƙara ta shida a ƙasansu.

"Sati shida," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Sati shida ina dafa ganye da kifi babu ɗigon mai. Na ɓoye sukari har ni kaina na manta inda na sa shi. Ni da ba a ce in rage komai ba, siket ɗina juyawa yake yi a jikina. Kai kuwa ko rabin inci."

"Wataƙila tef ɗin ne ya saki, Madam. Kin san roba."

"Da shi na auna mata bakwai a satin nan, ba wadda ta dawo mini da kaya."

"To jikina ne. Akwai irin jikin da ko ruwa ya sha sai ya zama kitse."

"Ruwa," in ji ta. "To."

Maganar ba ta ado ba ce. Shekara goma sha ɗaya Direba yana jan bas ɗin da ke kai ma'aikatan wani kamfani aiki, ya dawo da su. A gwajin lafiya na bana, likitar kamfanin ta ɗaura masa abin awon jini a damtse, ta kwance, ta sake ɗaurawa, sannan ta ce ya hau sikeli. Kilo ɗari da goma sha takwas, ga jini ya hau. Ta ce ba za ta sa hannu mutum arba'in su riƙa zama a bayan wannan jinin ba. Ta ba shi magani, da takardar abin da zai ci, da sati goma sha shida. Ya sauke kilo takwas, jinin ya sauka, ko a karɓi makullin bas a ba shi kujerar bakin get.

Direba kuwa duk duniya babu abin da yake so, bayan uwarsa da matarsa, kamar sitiyari. Mahaifinsa marigayi direba ne, a kan cinyarsa ya fara riƙe shi. Ranar da ya dawo da takardar likita ko takalmi bai cire ba, ya zauna a bakin gado yana jujjuya makulli a hannu. Mai Ɗinki ta durƙusa ta kwance masa igiyar takalmin, ta ce, "Kai dai ka ci abin da na ba ka, ka yi tafiyar awa ɗaya kullum. Saura ka bar wa Allah." Ya rantse zai yi.

Kuma a gaban idonta yana yi. Yana cin ɗan abin da ta zuba, ba ya ko neman ƙari. Ana idar da sallar la'asar zai ɗaura kambas, ya sa farar rigar motsa jiki, ya fita yana wurga hannuwa kamar soja. Sai dab da magariba yake dawowa yana haki.

Ran Litinin tana wanki ta ɗaga farar rigar a rana, ta ga wani ɗigo rawaya a daidai ƙirji. Wadda ta shekara ashirin tana hulɗa da yadi ba a koya mata bambancin gumi da maiƙo. Ta kai rigar hanci. Albasa, da soyayyen nama.

Washegari da ya fita, ta yafa mayafi ta bi shi daga nesa. Ya wuce shagon aski yana wurga hannuwa. Ya wuce kantin magani yana wurga hannuwa. Yana shan kwanar gidan mai sai hannuwan suka sauka, tafiyar ta koma ta mai zuwa gida. Ya shige layin Inna, mahaifiyarsa. Mai Ɗinki ta duba agogo. Tafiyar awa ɗayan nan minti bakwai ce.

Ta ba shi ɗan lokaci, sannan ta yi sallama ta ɗaga labule.

Yana zaune a kan kafet, kambas a gefe, ya baje ƙafafu. A gabansa tire ne: shinkafa da maiƙo yana ƙyalli a kanta, soyayyen nama, soyayyen dankali, da lemon kwalba mai sanyi har yana zufa. Cokali yana hanyar baki ya tsaya a sama.

"Madam... ai gaisuwa na biyo."

"Na gani. Ina wuni, Inna?"

Inna tana kan kujera da mafici tana yi wa ɗanta fifita. Ko gezau ba ta yi ba. "Lafiya lau. Gara da kika zo, dama ina nemanki. Ci abincinka, Auta, ba da kai ake ba." Ta juyo. "Ke 'yar nan, me ɗana ya yi miki? Na ba ki shi kumatu cike, ki mayar da shi akuya, safe ganye rana ganye?"

"Inna, likita ce ta rubuta."

"Likitar ita ta haife shi? Wata bakwai na haifi yaron nan, bai kai kwalbar lemon can ba. Da cokalin shayi na riƙa ɗura masa madara har ya zama mutum. Yanzu wata mai farar riga za ta ce in zauna ina kallo ana tsiyaye shi?"

"Aikinsa ne zai tafi, Inna."

"Ya tafi mana. Da aiki na haife shi?" Muryar Inna ta ɗan karye, ta yi maza ta gyara ta. "Ni na ga rama, ke ba ki gani ba. Na ga ubansa yana narkewa a kan gadon can har zobe yana faɗowa daga yatsansa. Cikin wata shida Allah ya ɗauke shi. Ba za a rame mini wani a gidan nan ba ina da rai. Ko ki ba shi abinci irin na mutane, ko ki koma gidanku su koya miki girki."

Mai Ɗinki ta dubi mijinta. Shi kuwa ya ƙura wa dankali ido kamar a nan amsar take. Maganganu sun zo mata har bakin leɓe, masu zafi, ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna," ta fita.

Ya same ta a ɗaki tana taka keke da ƙarfi, alhali babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

"Madam."

Ta ci gaba da taka keken.

"Haba Madam ɗina. Ran farko wallahi gaisuwa na je yi. Ta kalle ni ta ce wuyana ya yi tsawo, ta fashe da kuka. Ya zan yi? In ce wa Inna a'a?"

"Hakin fa?" Ta tsayar da keken. "Hakin da kake shigowa da shi ina yi maka sannu, ina kawo maka tawul?"

Ya sosa ƙeya. "Daga bakin get nake rugowa."

"Taku goma."

"Sun fi goma. Akwai matakala."

Dariya ta so ƙwace mata, kuka ya riga ta. "Ni ka mayar sakarya. Ina auna gishiri da kan cokali, ina cin abin da ba shi da daɗi don kada ka ci kai kaɗai. Yau a gabanka aka ce in koma gidanmu, kana kallon dankali."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, da ƙyar, yana nishi. "In na bi ki ta yi kuka. In na bi ta ki yi kuka. Ni kuma cikina ɗaya ne."

"Ai shi ya sa ya kai arba'in da shida."

Ta tashi ta sauko da akwati daga kan durowa, ta buɗe shi a kan gado. Ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Sai aka kira magariba. Ta yi alwala, ta yi salla, ta jima a kan darduma. Da ta shafa addu'a sai ta rufe akwatin babu komai a ciki, ta mayar da shi inda yake. Abin da ya tsaya mata a rai ba zagin ba ne. Zoben nan ne da ke faɗowa daga yatsa. Matar da ke ɗauke da irin wannan tsoro shekara da shekaru, gardama ba za ta sauke mata shi ba.

Kwana biyu ba ta ce masa ya je ba, ba ta ce kada ya je ba. Tana dafa ganyenta, tana aika wa Inna gaisuwa.

Ran Alhamis da hantsi sai ga Inna da kanta a ɗakin ɗinki, da wata tsohuwar leda a hammata. Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta zaro kwat mai ruwan toka, yana warin ajiya.

"Na ubansa ne. Da shi ya yi tuƙi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ce masa ya hau sikeli. Tunda ke tela ce, ki buɗa shi ya shiga Auta. Ranar gwajin ya sa shi. In likitar ta gan shi tsaf, ta san ɗan mutunci ne, za ta sa hannu."

Mai Ɗinki ta buɗe baki za ta ce abin awon jini bai san kwat ba, sai ta rufe. Ta karɓa da hannu biyu. "Bari in ga ko akwai rarar yadi a ciki."

Ta juya kwat ɗin ciki waje, ta ɗauki reza ta farke shafin gefe a hankali. Sai hannunta ya tsaya. Ta jawo kwat ɗin kusa da taga.

"Inna, matso ki gani. Wannan layin ramukan allura na can ciki, ɗinkin telan farko ne, na keke. Amma ga wani layi a bayansa, da guntayen baƙin zare. Na hannu ne. Wa ya yi?"

Inna ta sa tabarau ta leƙa. Fuskarta ta saki kaɗan. "Ni ce. Shekarar da na haifi yayarku. Ya ce yana matse shi in ya zauna a mota, na farke na buɗa masa."

"Ga kuma wani, da shuɗin zare."

"Shi ma ni ce. Baƙin ya ƙare mini." Ta yi ɗan tunani. "Lokacin ne ƙafafunsa suka fara kumburi. In ya dawo sai na jiƙa masa su a ruwan ɗumi."

"Wannan na ƙarshen fa? Farin zare, a bakin yadin sosai. Ko faɗin farce ba ki bari ba."

Inna ta jawo kwat ɗin kusa. Ta sa yatsa tana bin farin zaren. "Shekarar da ya fara ganin jiri ce. Yana tashi fitsari ba adadi, ƙishirwa ba ta barinsa. Wata rana ya tsayar da mota a gefen titi, ya ce hanya ta zama biyu a idonsa. Bayan nan kwat ɗin ya ƙi maɓalluwa sam, na ninke na sa a akwati."

"Ramar fa, Inna? Yaushe ta zo?"

"Bayan shekara uku."

Mai Ɗinki ta ɗauko tef ta shimfiɗa a kan kwat ɗin, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa kanta lissafin aiki. "Ɗinkin farko arba'in. Baƙin zare arba'in da biyu. Shuɗi da uku. Fari da huɗu." Ta naɗe tef ɗin. "Ba zan iya buɗa shi ba, Inna. Kin riga kin cinye yadin."

"Auta nawa ne?"

"Arba'in da shida."

"Ya wuce farin zaren."

"Da inci biyu."

Inna ta cire tabarau ta riƙe a cinya. Hawaye suka biyo kumatunta ba ta share ba. "Wata shidan nan kawai nake tunawa," ta ce. "Shekara goma sha biyar ina buɗa masa riga ina murna, ina cewa hutu ne ya karɓe shi. Ashe ciwon a lokacin yake shiga. Da hannuna na yi ta ba shi hanya."

"Ba ki sani ba, Inna. Ba wanda ya gaya miki. Kwanansa ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa."

"Amin." Ta ja hanci, ta goge fuska da gefen mayafi, ta miƙe zaune. "Ina takardar likitar nan? Karanto mini. A hankali, kada ki tsallake komai."

Da la'asar ɗin ranar Direba ya sha kwanar gidan mai, ya sauke hannuwa, ya shiga layin Inna yana haɗiyar yawu. Ya tarar da ita a ƙofar gida da sanda a hannu, matarsa a gefenta.

"Ina za ka?" in ji Inna.

"Gaisuwa..."

"Na amsa. Juya. Har filin ƙwallo, zagaye huɗu. Muna bayanka."

Daga ranar Direba ya gane da can a hutu yake. Mai Ɗinki takan ɗan tausaya ta bar masa yankan burodi biyu. Inna kuwa ba ta san sassauci ba. Ta sa aka kai mata kujerar roba bakin fili, tana zaune tana ƙirga zagaye da duwatsu a cinya. In ya yanke kwana sai ta mayar da dutse ɗaya ƙasa. Takan zo gidan ba sanarwa ta buɗe tukunya, ta ɗaga cokali a haske tana neman maiƙo. Ta bi shi har tashar da yake ajiye bas, ta gargaɗi mai shayin wurin a gaban abokan aikinsa, ta ce duk ranar da ya zuba wa ɗanta sukari ita da shi ne.

"Madam, ki yi mata magana," in ji shi wata Asabar, tef a ƙugunsa. "Jiya ƙwai ɗaya ta ba ni. Ɗaya. Ta tsaya a kaina har na cinye, wai kada in roƙi na maƙwabta."

"Ni in ce wa Inna a'a? Tsaya daidai. Arba'in da biyar."

Ba kullum abin ke tafiya ba. A sati na huɗu da fara zagayen fili tef ya ƙi motsi, Direba ya yi fushi ya ce shi ya haƙura da bas ɗin, a ba shi get ɗin ya huta. Ya kwanta ya juya wa duniya baya. Mai Ɗinki ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauko nata takalmin ta ɗaura, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni zan tafi. In mazan layi sun tambaye ni ina mijina, sai in ce yana kwance."

Kafin ta kai shagon aski ta ji hakinsa a bayanta, na gaskiya wannan karon. Tun daga ranar tare suke zagayen. A zagaye na uku, inda bishiyoyi suka kare su daga idon Inna, yakan kama hannunta.

Kwat ɗin yana rataye a bayan ƙofa kusa da lambobin alli. A sati na shida ya maɓallu a kan farin zare. Inna ta ce a farke farin, a mayar kan shuɗi. Direba ya ce wannan zalunci ne, mutum yana isowa ana matsar da layin. Ba wadda ta kula shi.

Ranar gwajin ya shiga ofishin likita, su biyun suna zaune a benci a waje. Inna tana jan carbi, Mai Ɗinki tana murza bakin mayafi har ya yamutse. Can sai ga shi ya fito. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro makullin bas ya kaɗa shi.

"Kilo tara," ya ce. "Jinin ya sauka. Ta ce in ci gaba da magani, in dawo bayan wata shida."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. Ta karɓi kwat ɗin daga hannun surukarta, wanda aka mayar kan baƙin zare ana gobe gwajin. Ta sa masa da kanta a nan barandar asibitin, ta maɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiyar ya ɗan yi gardama, ya shiga. Ta ja da baya tana kallonsa.

"Kada dai ka yi atishawa," in ji Mai Ɗinki.

Inna ta yi dariya da hawaye a ido. Ta kamo hannun surukarta ta riƙe gam. "Ranar nan na ce ki koma gidanku. Da kin tafi, da ni zan buɗa wa wannan ma riga har yadi ya ƙare. Ki yafe mini, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

"Ba komai, Inna. Amin."

Direba ya gyara wuyan kwat. "To tunda an ci jarrabawa, ko ɗan soyayyen nama ne a yi murna?"

"Akwai sauran ɗinkin telan farko," in ji Inna. "Inci biyu. Wuce mu je, a ƙafa za mu koma."

Da Mai Ɗinki ta mayar wa Inna magana ranar tiren nan, da ta yi nasarar gardama ta rasa gidanta, mijin kuma ya rasa makullinsa. Gaskiya tana hannunta tun farko, amma ta riƙe harshenta har Allah ya kawo ranar da Inna za ta gan ta da idonta. Wanda yake cutar da naka saboda so da tsoro ba abokin gaba ba ne. A yi masa haƙuri, a girmama shi, a nemo abin da yake tsoro. Kuma so ba a cika faranti kaɗai yake ba, wani lokacin a rage shi yake. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu masu gaya mana gaskiya da ladabi.